Ƙasa a Gwangwanin Mbah Lasiyem

Shafi na 14

"Kang Wagiran! Ƙarfe! Kawo ƙarfe mu ɓalle ƙofar nan!"

Partinah ce ke wannan ihun, ɗankwalinta ya zame har wuya. Buhun shinkafar da ta yar a tsakar gida ya buɗe baki, kaji sun yi masa ca, ko waiwaye ba ta yi ba.

"Mbah! Mbah Lasiyem! Kina ji na?"

Shiru.

Ba ta iya jiran ƙarfen ba. Ta ja da baya, ta tattaro duk ƙarfin jikinta, ta kai wa ƙofar kafaɗa.

Sai ga ta a tsakiyar ɗaki a kan gwiwoyinta.

Ashe ƙofar ba a kulle take ba. Ko sakata ba a sa mata ba.

Wari ne ya fara tarbar ta, irin wanda ke sauka har maƙogwaro. Sannan duhu. Da idonta ya washe ta hango gadon gora an jawo shi jikin bangon gaba, a kansa wani ɗan ƙullin mutum cikin zani, kamar wankin da aka manta da shi.

"Innalillahi wa inna ilaihi..."

Ƙullin ya motsa.

"Wa ya mutu ne ake ta ihu?" in ji wata siririyar murya. "Ke kuma Partinah, haka uwarki ta koya miki shiga ɗakin mutane? Ko sallama babu?"

Partinah ta toshe baki da hannu, hawaye na zuba ta tsakanin yatsunta.

A ƙauyen Karangpring kowane gida da ɗan gwangwaninsa rataye a jikin bango, kusa da ƙofa. Da asuba uwar gida za ta zuba shinkafa a ciki, daidai abin da yatsu suka ɗauko. Da hantsi matan ƙungiyar taimakon juna ta Sajimpit su bi gida-gida suna juyewa a buhu. Da wannan shinkafar ake dama wa yara masu tamowa kunu, a kai wa tsofaffin da ba su da kowa abinci, ragowar a sayar a zuba wa motar marasa lafiya mai. Partinah ce shugabar ƙungiyar, kuma ita ta kafa dokar da kowa ke alfahari da ita: in gwangwani da shinkafa, mutanen gida lafiya lau suke, a wuce. In babu, a ƙwanƙwasa.

Gwangwanin Lasiyem, tsohuwar da kowa ke kira Mbah, wato kaka, bai taɓa kwana wayam ba.

Yau ma da nauyinsa. Sai da Partinah ta juye shi a buhu ta ji bai yi ƙarar da ta saba ji ba. Ta zura hannu, ta ɗebo.

Jar ƙasa.

"Ina take? Tana raye?"

Yu Tukinem mai awara ce ta faɗo ɗakin tana haki, bayanta Kang Wagiran direban motar ƙungiya riƙe da ƙarfen cire taya. A nan Yu ake ce wa mace, Kang kuma namiji, wato yaya.

"Wayyo hancina!" Tukinem ta ja mayafi ta rufe fuska. "Mbah, me ya ruɓe a ɗakin nan?"

"Bakinki," in ji tsohuwar.

"Alhamdulillahi," Wagiran ya ce yana ajiye ƙarfen. "Tunda tana zagi, da sauranta."

Bu Endah, ungozomar ƙauyen, ita ce ta ƙarshen shigowa da jakarta. Ta tura taga, ta durƙusa a gindin gadon, ta fara warware tsummokaran da aka naɗe ƙafar dama da su. Tsumma, ganye, wani tsumman, wani ganyen.

Da ta kai ƙarshe Tukinem ta fita da gudu.

"Ƙaya ce," Mbah Lasiyem ta ce tana kallon rufi. "A gonar rogo. 'Yar ƙaramar ƙaya."

"Tun yaushe?"

"Wa ke lissafa wa ƙaya kwana?"

Bu Endah ta soki ɗan yatsan tsohuwar, ta ɗiga jinin a na'ura, ta duba. Fuskarta ta canja. Ta ɗago ta dubi Partinah.

"Suganta ya yi sama ƙwarai. Yatsun nan biyu sun riga sun mutu, kuma abin hawa yake yi. Wonosari za mu, babban asibiti. Yau, Yu Par. Yanzu. In gubar nan ta shiga jini ba ƙafa za mu rasa ba."

"Ku kai ƙafar," in ji Mbah Lasiyem. "Ni ku bar ni a ɗakina. In sun gama da ita su aiko min."

"Mbah, ba wasa nake ba."

"Ni kin ga haƙorina a waje?"

Wagiran ya naɗe hannun riga. "Ku ba ni wuri in sungume ta. Wannan ai ba ta kai buhun busasshen rogo nauyi ba."

"Taɓa ni ka gani, Giran! Ni na goya ka ranar da uwarka ta tafi girbi, ka tsula min fitsari har cikin kunne. Taɓa ni, in fita tsakar gari in ba da labari!"

Wagiran ya sauke hannun rigarsa a hankali.

"Ba a ɗaukar mutum da ƙarfi," Bu Endah ta ce. "Ko mun kai ta, sai ta yarda da bakinta za su taɓa ta. Ko kuma wani nata ya yarda."

"To ai shi ke nan!" Tukinem ta leƙo daga bakin ƙofa, hanci a toshe. "A kira Sumarni mana! Yau ma Juma'a, ranar wayarsu ce. Ita kaɗai tsohuwar nan ke jin maganarta."

Duk Karangpring an san wannan. Sumarni, 'yar Mbah Lasiyem tilo, ta tafi aikatau Saudiyya tun kafin a shimfiɗa wa ƙauyen kwalta. Kowace Juma'a bayan an sauko masallaci tsohuwar kan fito baranda da 'yar wayarta, ta kara a kunne, ta yi ta hira da ƙarfi har maƙwabta na ji. Marni ta ce zafi ake a Makka. Marni ta aiko da kuɗin shinkafa. Marni ta ce bana aiki ya riƙe ta, sai Sallar baɗi. Shi ya sa ƙungiya ba ta taɓa sa ta cikin waɗanda ake kai wa abinci ba. Mai 'ya a Makka?

Tukinem ta hango wayar a gefen matashi, naɗe cikin hankici. Ta kai hannu.

"Ajiye!"

Ba wanda ya zaci akwai sauran irin wannan muryar a ƙirjin tsohuwar. Ta yunƙura za ta tashi, ciwon ya mayar da ita.

"Haba Mbah, lambar kawai zan duba." Tukinem ta danna. Ta sake dannawa. "Kai, wannan wayar... ta ƙi kawo wuta. Bari in ga batirin."

Murfin baya ya ɓalle a hannunta.

Partinah na tsaye kusa da ita, ita ta fara gani. Batirin ya kumbura, ya yi tsatsa, ya manne da jikin wayar. Gurbin layi kuwa wayam, sai gawar wata 'yar tururuwa.

Wannan wayar ta yi shekaru ba ta yi magana da kowa ba.

Ta dubi gadon. Mbah Lasiyem ta juya fuska ga bango, ta ja zani ta rufe kanta.

Caraf Partinah ta karɓe wayar, ta mayar da murfin, ta cusa ta cikin rigarta.

"Caji ne ya ƙare," ta ce.

"Caji? Ai ni na ga kamar..."

"Caji ne, Yu Tuk. Ku ɗan ba mu wuri. Kang, je ka juyo da mota. Bu Endah, don Allah."

Bu Endah ta dube ta, ta dubi ƙafar. "Kada ki daɗe."

Aka bar su su biyu.

Partinah ta zauna a bakin gadon. A nan ne ta lura da abin da ya sa aka jawo shi jikin bango. Wani siririn bututun gora ne ya ratsa saƙar bangon daidai kan matashi. Ta bi shi da ido. Bakinsa na waje yana saman gwangwani, a ɓoye bayan tsohuwar malafar da ke rataye a wurin. Daga kwance mutum zai iya zura shinkafa ta gangara, ba tare da ya taka ƙasa ba.

A ƙarƙashin gadon ga tukunyar ajiyar shinkafa a kife. Kusa da ita ga ɗan rami a daɓen ƙasa, da sawun farce.

"Mbah."

Shiru.

"Sun fita. Ni kaɗai ce."

"Kin gani ko?" muryar ta fito daga cikin zani.

"Na gani."

"To je ki faɗa. Tukinem na nan, kafin la'asar an ji har bakin teku."

"Caji ne ya ƙare. Abin da na gani ke nan."

Zanin ya ɗan sauka. Ido biyu suka fito, jajaye, busassu.

"Yaushe rabonki da abinci?" Partinah ta tambaya.

"Ina shan ruwa."

"Shinkafar fa?"

"Ta jiya ita ce ta ƙarshe."

"Kika zubo mana, ke kika kwana da yunwa?"

"Ni mai bayarwa ce, Nduk." Haka take kiran duk wadda ta haifa ko ta goya. "Tun da kuka rataya gwangwanin nan ban taɓa karɓar na kowa ba. So kike a zo min da kwano a tsakar rana, yara na biye, ana ga abincin Mbah Lasiyem, 'yarta ta yar da ita?"

"Da kin bar shi wayam rana ɗaya tak, da na ƙwanƙwasa!"

"Na sani. Ba ke kika kafa dokar ba? Ni kuwa na bi ta."

Maganar ta daki Partinah a ƙirji.

"Kullum ina jin zuwanki," tsohuwar ta ci gaba a hankali. "Silifas ɗinki na hagu yana ja da ƙasa. Ki tsaya. Ki juye. Ki ce, 'Alhamdulillahi, Mbah na nan.' Ki wuce. Ita ke nan maganar mutum da nake ji a wuni. Nakan riƙe numfashi don kada ta wuce ni."

"Bango kawai ne tsakaninmu..."

"Bango kawai."

Partinah ta share fuska da gefen ɗankwali. "Ƙasar nan fa? Kin san zan gane. Da gangan kika zuba?"

Tsohuwar ta dubi bututun goran.

"Zuciyata biyu ce da asubar nan. Ɗaya ta ce Allah sa ki wuce. Ɗaya ta ce Allah sa ki shigo."

Daga waje aka ji motar ƙungiya na tari, ta mutu, ta sake tari. Wagiran na lallashinta da sunan da ya raɗa mata.

"Yaushe rabon da ki ji daga Sumarni?"

"Shekarun farko tana kira gidan mai unguwa. Daga baya ta aiko min da wayar nan ta hannun wata. Ta kira, ta kira, sai ta daina. Na kai wa masu gyara, suka ce ba daga wayar ba ne." Ta ɗan yi murmushi. "Juma'ar farko da ba ta kira ba, na fito baranda ina jira, sai ga matar maƙwabcina Karto, Allah ya jiƙanta, za ta wuce, ta ce, 'Marni ce?' Na ce eh. Shi ke nan. Daga ranar ban san ta inda zan daina ba."

"To ki zo mu je asibiti, Mbah. Ki warke. Ƙungiya ta san ofishin da ke neman waɗanda suka ɓace a ƙasar waje, mu kai sunanta."

"Ba inda za ni."

"Za ki mutu!"

"A ɗakina, ƙofata a buɗe."

"Me ƙofa ta yi?"

Mbah Lasiyem ta kamo hannunta. Yatsun kamar busassun itace, amma da zafi kamar garwashi.

"Ranar da za ta tafi, a nan ta tsaya, jaka a kafaɗa, tana min tsiya. Ta ce, 'Mbok, uwata, kada fa ki kulle ƙofar nan. In na dawo na ga kwaɗo, zan san kin mutu, in juya abina.' Dariya take yi. Ni ma na yi dariya." Ta dubi ƙofar. "Tun ranar ban sa sakata ba. Ko da aka yi ɓarayin awaki ban sa ba."

"Ai wasa take yi."

"Na sani. In kuma ba wasa ba ne fa?"



"Na ga yadda kuke yi," tsohuwar ta ce. "Da kuka kai Karto asibiti, kafin ƙurar motar ta kwanta kun sa wa gidansa kwaɗo, kun cire gwangwaninsa. Don tsaro, in ji ku. Yana nan har yau, ciyawa ta cinye barandar. Duk wanda ya sauka daga mota ya ga gida haka, ya san ba kowa. To in ta zo ina can? Ta sha wannan doguwar hanya, ta tsaya a bakin titi, ta hango kwaɗo..."

Muryar ta karye. Ba hawaye, jikin ba shi da ruwan da zai ba da.

"Yu Par!" Bu Endah ta kira daga waje. "Rana na yi!"

Partinah ta dubi ɗakin. Kofi ɗaya. Faranti ɗaya. Tabarma naɗe a lungu, sabuwa, ba a taɓa shimfiɗa ta ba, an ajiye wa mai zuwa.

Ta san irin wannan tabarmar. Akwai ɗaya a gidanta.

"Mbah, kin san ɗana Harno bai zo Sallar bana ba?"

"Kin ce aiki ya riƙe shi a gonar kwakwar manja."

"Haka na ce. Na bara ma haka na ce." Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Ya yi aure can tsibirin Kalimantan, a waya na gani, kamar kowa. In na tura masa saƙo yana buɗewa. Ina ganin alamar ya buɗe. Ranar Sallah na dafa masa kaza da madarar kwakwa yadda yake so, na zauna har magariba, sannan na kai wa 'ya'yan Tukinem na ce hannuna ne ya zarce."

Tsohuwar ta zuba mata ido.

"Na daɗe da sani," ta ce. "Gwangwaninki ya fi na kowa cika. Ba mai cin shinkafar a gidanki."

"Tun da babansa ya rasu, in na gama zagayen nan na koma, ba wanda zan ce wa na dawo. Shi ya sa nake ƙirƙiro aiki. Taron awon jarirai, motar ruwa, katin asibitin wane. Mutane na cewa Partinah akwai ƙoƙari. Tsoron ɗakina nake ji."

Wata kaza ta leƙo, ta dube su, ta koma.

"To ga abin da za a yi," Partinah ta ce, ta gyara zama. "Gidana ba wanda zai zo. Na sani, na daina yaudarar kaina. Naki kuwa kina da wadda kike jira. Ni zan dawo nan. Yau ɗin nan zan kwaso kayana. In kwana a ɗakin nan, in share barandar nan, in kunna fitila. Ba kwaɗo, ba sakata. Gwangwani na nan inda yake, kullum da shinkafa. Duk wanda ya hango gidan nan daga titi zai san da mutum a ciki."

"Har yaushe?"

"Har ki dawo ki kore ni."

"In ban dawo ba fa?"

"Sai in ci gaba da jira a madadinki. Na iya, ai aikina ne."

Mbah Lasiyem ta ƙura mata ido kamar mai duba shinkafa ko da tsakuwa.

"Rantse."

"Na rantse da Allah."

"Ba za ki bar ƙofar nan a rufe ba, ko wa ya ce."

"Ko wa ya ce."

"Ko mai unguwa."

"Ko gwamna."

"In ta zo, kada ki ce asibiti. Tsoro gare ta tun tana ƙarama. Ki ce na je kasuwa, ki ba ta shayi, sannan ki faɗa mata a hankali. Da suga sosai take sha."

"To."

"Wayar kuma..."

"Tana caji a wurina."

Tsohuwar ta rufe ido. Ƙirjinta ya hau, ya sauka.

"Ce wa mai fitsarin nan ya shigo. Amma ya wanke hannu."

Wagiran ya ɗauke ta kamar jaririya, Bu Endah na riƙe da ƙafar cikin farin bandeji. Maƙwabta sun cika bakin hanya, kowa na salati, kowa na cewa shi fa jiya ma ya so ya leƙa. A bakin ƙofa tsohuwar ta sa aka tsaya. Ta miƙa hannu ta gyara zaman gwangwanin a kan ƙusarsa.

"Zakaran nan ja ba na yanka ba ne," ta ce da Tukinem. "Na ga yadda kike kallonsa."

"Ni? Mbah, ki ji tsoron Allah!"

Aka shigar da ita. Bu Endah ta hau kusa da ita. Partinah ta sa ƙafa za ta hau, tsohuwar ta ɗaga yatsa.

"Ina za ki?"

Partinah ta sauke ƙafarta.

Motar ta yi tari, ta kama, ta gangara tsakanin duwatsu da itatuwan da rani ya kaɗe wa ganye, har ƙararta ta ɓace. Mutane suka watse da ɗai-ɗai.

Tukinem ta tsaya tana tattara abin da kaji suka rage a buhu.

"Yu Tuk, ki faɗa wa sauran mata. Daga gobe an canja doka. Da shinkafa ko babu, sai an ƙwanƙwasa. Sai an ga fuskar mutum da ido."

"Kowane gida? Ai sai azahar ba mu gama ba! Awarata fa?"

"To sai azahar."

Tukinem ta dubi ɗakin. Ta saɓa buhun. Har ta kai bakin hanya ta juyo.

"Yu Par. Wayar nan... caji ne ko?"

"Caji ne."

"Haka na gani ni ma," in ji Tukinem, ta tafi.

Gidan ya yi tsit.

Partinah ta buɗe tagogi duka. Ta kwashe tsummokaran ta ƙone a bayan gida. Ta ɗebo ruwa a ɗan abin da ya rage a tanki ta wanke gadon, ta cike ramin da farce ya tona, ta daddanna da diddige. Bututun goran ta zare shi, ta riƙe, ta rasa inda za ta jefa, sai ta soke shi a rufi.

Ta wanke gwangwanin tas, ta zuba shinkafa daga wadda ta zube a tsakar gida, ta mayar da shi.

Sannan ta zauna a baranda, a kujerar da tsohuwar ke zama ranar Juma'a. Daga nan ana hango titi har inda ya karya kwana. Ashe shi ya sa aka ajiye kujerar a karkace.

Aka kira sallah a masallaci. Maza suka wuce cikin zannuwansu da huluna, suka dawo. Ta ciro tata wayar, ta buɗe sunan Harno, ta dubi saƙonninta jere, ba amsa ko ɗaya a tsakaninsu. Ta fara rubutu. Ta goge. Ta kife wayar a cinya.

A lokacin ne ta ji ƙarar mota.

Ko sun juyo ne? Ko a hanya abin ya faru?

Ba motar ƙungiya ba ce. Wata baƙa ce, doguwa, mai duhun gilashi, irin ta masu zuwa sayen filayen bakin teku. Ta rage gudu a gidan Karto, ta wuce, ta tsaya cak a gaban gidan Mbah Lasiyem.

Wani mutum ya fito. Fari, mai tumbi, riga a soke cikin wando, takalmi na ƙyalli. Ya cire tabarau ya ƙare wa gidan kallo, daga rufi har bishiyar mangwaron da ke gefe, yana gyaɗa kai. Ya buɗe ƙofar baya ya ɗauko wani abu a leda.

"Salamu alaikum, Bu," ya ce da harshen mutanen birni, da Bu ɗin da ake girmama kowace mace da shi. "Nan ne gidan marigayiya Lasiyem?"

Partinah ta miƙe.

"Marigayiya? Wa ya ce maka ta rasu? Ɗazun nan aka tafi da ita asibiti!"

Mutumin ya ɗan yamutsa fuska, sannan ya yi murmushin wanda ya saba da rigimar ƙauye.

"Wataƙila wata kike nufi. Ni sunana Hendarto. Na sayi gidan nan da filinsa, an gama komai. Mai shi ta ce min ba kowa a ciki, uwarta ta daɗe da rasuwa."

"Wace mai shi?"

"'Yarta mana. Bu Sumarni."

Partinah ta dafa ginshiƙin baranda.

"Sumarni tana Saudiyya," ta ce. "Shekara da shekaru ba wanda ya ji ɗuriyarta."

Hendarto ya yi dariya har tumbinsa na motsi.

"Saudiyya? Matar da ke da shagon abinci a Wonosari, daura da babban asibiti? Jiya da yamma muka sha shayi tare. Suga kamar za ta kashe kanta."

Ya zura hannu cikin ledar.

Kwaɗo ne. Sabo fil, babba, makullansa na reto.

"Ita ta ce in zo in kulle kafin ɓarayi su kwashe katakon," ya ce, ya sa ƙafa a matakalar farko. "Ɗan matsa min daga bakin ƙofar, Bu."